Inci 14 na kwanciya: yadda mutum 821 suka rayu a cikin jirgin yaƙin Victory

Ka ari tef ɗin tela ka auna inci 14 a kan tabarma. Bai kai faɗin kafaɗun ƙato ba. To wannan shi ne rabon kowane ƙaramin sojan ruwan Ingila a wajen kwanciya, a zamanin da jiragen yaƙinsu na katako ne, iska ke tura su. Kowa yana da gadon lilo na tamfol da ake ratayawa a jikin azarar rufi, kafaɗa na gugar kafaɗa, idan jirgi ya karkata duk su karkata tare. Abin da ke sa wurin ya ishe su shi ne a kowane lokaci na dare rabin mutanen suna sama a bakin aiki, sai mai barci ya sami inci 28.

Jirgin da za mu duba shi ne HMS Victory, wanda har yau yana nan a busasshiyar tashar Portsmouth, inda aka girke shi tun 1922. An fara gina shi a Chatham a 1759, aka tura shi ruwa a 1765. Ya ci bishiyoyi kimanin 6,000. Tsawon hawan da manyan igwoyinsa suke ƙafa 186 ne, faɗinsa bai cika ƙafa 52 ba. A ranar 21 ga Oktoba, 1805, lokacin da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ke cikin shekararsa ta biyu a ƙasar Hausa, wannan jirgi ya shiga yaƙin Trafalgar a gaɓar Sifaniya, inda Ingila ta kara da jiragen Faransa da Sifaniya, ɗauke da igwa 104 da mutum 821, ciki har da babban kwamandan rundunar, Horatio Nelson.

Duk wanda ya san sunan jirgin, ta wannan rana ya san shi. Amma yaƙin bai wuce awa biyar ba. Kafin nan jirgin ya shafe kusan shekara biyu yana kai-kawo a Bahar Rum, yana sa ido kan jiragen Faransa da ke tashar Toulon, da suka kuɓuce kuma ya bi su har tsibiran Karibiyan ya dawo. Nelson da kansa ya rubuta a watan Yulin 1805 cewa saura kwana goma ya cika shekara biyu bai fitar da ƙafarsa daga cikin Victory ba. Idan haka lamarin yake ga shugaba, ina ga wanda ke wanke daɓe? Abin da ya fi ɗaure mini kai game da jirgin ke nan: me ya riƙe mutum ɗari takwas a cikin akwatin katako tsawon wannan lokaci, ba su hallaka da cuta ba, ba su kashe juna ba, kuma ranar da aka buƙace su suka yi aiki kamar jiki guda?

Sai an fara gane cewa don igwa aka gina jirgin. Mutane raɓawa suka yi a tsakaninsu. Hawa uku ne na igwa. Na ƙasa yana ɗauke da guda 30 masu harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 32, kowacce da keken katakonta ta haura tan uku. Na tsakiya yana da 28 masu laba 24, na sama 30 masu laba 12, sauran suna fili. A hawan ƙasa mafi yawan mutanen ke kwana, ɗaruruwansu, a nan kuma suke ci, kan tebura da ake saukewa tsakanin igwa da igwa. Tagogin wannan hawa su ne ƙofofin da bakin igwa ke leƙawa, kuma sun yi kusa da ruwa ƙwarai, don haka da teku ta ɗan motsa sai a rufe su. Daga nan sai duhu, sai ɗan hasken kyandir a cikin fitila, sai warin jiƙaƙƙun tufafi da kwalta da gumi da ruɓaɓɓen ruwan da ya taru a gindin jirgi. A can goshin jirgi akwai garken dabbobi, tumaki da aladu da kaji, wani lokaci har shanu, yawancinsu na hafsoshi. Makewayin talakawan jirgi yana waje a gaba, kujeru shida masu rami a saman ruwa, igiyar ruwa na fantsamo wa mutum. Hafsoshi suna baya, inda akwai tagogin gilashi da iska. Nelson shi kaɗai yana da ɗakin cin abinci da na zama da na kwana.

Mutanen kuwa daga ko'ina suke. Rajistar jirgin ta nuna ban da Ingilishi da mutanen Sikotilan da Ailan da Wales, akwai Amurkawa fiye da 20, akwai mutanen Holan da Suwidin da Italiya da Malta, akwai 'yan Indiya da 'yan Karibiyan da ɗan Afirka guda, har da Faransawa da suka yaƙi ƙasarsu a wannan rana. A gindin dogon ginshiƙin tunawa da Nelson da ke Landan, cikin zanen tagulla na mutuwarsa, ana ganin wani baƙin mutum riƙe da bindiga. Mafi ƙanƙanta a jirgin ɗan shekara 12 ne. Mafi tsufa shi ne ma'ajin jirgi, Walter Burke, ɗan shekara 69.

Wasu da ƙafarsu suka zo, saboda kuɗin shiga da tabbacin abinci. Wasu kamo su aka yi. Doka ta ba rundunar ruwa izinin kama duk mai sana'ar teku a lokacin yaƙi, sai hafsa ya fita da 'yan kame riƙe da kulake su bi mashaya da lungunan tasha. Mafi ciwo shi ne na waɗanda ake tarewa a cikin jirgin 'yan kasuwa yana dab da isa gida bayan shekara guda ko biyu a hanya, a kwashe su suna hango garinsu. Ba a yanke wa mutum ranar sallama, sai yaƙi ya ƙare ko an sallami jirgin baki ɗaya. Saboda tsoron gudu, kyaftin-kyaftin da yawa ba sa barin kowa ya sauka ko jirgi na tasha, kuma ana riƙe albashi wata da watanni don wanda ya tsere ya yi asararsa. Hugh Clapperton, Baturen da aka fi sani da Abdullahi a tafiyarsa, wanda ya iso Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta wannan ƙofa ya shiga rundunar. Yaron jirgin 'yan kasuwa ne aka kama shi, daga baya ya zama hafsa.

Da mutum ya shigo, lokacinsa ya tashi daga hannunsa ya koma hannun ƙararrawa. Akwai agogon yashi na rabin awa da ake tsaye a kansa dare da rana. Yashi na ƙarewa sai a juya, a buga ƙararrawa sau ɗaya. Bayan wani rabin awa sau biyu, har a kai takwas, awa huɗu ke nan, duti ya ƙare. An raba ma'aikata gida biyu, 'yan dama da 'yan hagu, suna karɓa-karɓa. Dutin ƙarfe huɗu zuwa takwas na yamma an tsaga shi biyu, awa bibbiyu, don kada ɓangare ɗaya ya dawwama a kan dutin tsakar dare. Sakamakon haka yau ka yi barcin awa huɗu, gobe ka sami kusan bakwai amma a gutsure. Ko wannan ma ba tabbas, domin da iska ta juya aka busa usur na kowa da kowa, sai ka fito ko yanzu ka rufe ido. Masassaƙi da mai dafa abinci da mai ɗinkin filafilai da irinsu ne kaɗai ke aikin yini su kwana.

Tun kafin gari ya waye ake fara wanke daɓe. A watsa ruwan teku da yashi, mutane su durƙusa a jere, ƙafa ba takalmi ko a hunturu, suna gurzawa da dutse. Saboda durƙuson ne suka laƙaba wa manyan duwatsun suna Baibul, ƙananan kuma littafin addu'a. Wajen ƙarfe bakwai da rabi kowa ya naɗe gadonsa tamau ya kai sama a jera a cikin raga a gefen jirgi, inda zai sha iska, kuma ranar yaƙi ya tare harsashi. Takwas a karya kumallo. Da hantsi atisaye da gyare-gyare. Da rana ta take tsaka hafsoshi su auna tsayinta don sanin inda jirgi yake, sannan a busa usur ɗin abinci. Awar cin abincin rana tana da alfarma, kyaftin mai hankali ba ya taɓa ta sai da dalili mai ƙarfi.

Aikin da ya fi haɗari yana sama. Jirgin yana iya baza filafilai 37, wato manyan tamfol da iska ke bugawa, igiyoyinsa kuwa idan aka miƙe su sun kai mil 26. Ƙololuwar babban jigonsa, wato dogon itacen da ke riƙe filafilai, ta haura ƙafa 200 daga saman ruwa. Samari masu ƙarfin hali ake zaɓa su hau, su bi sandar gicciye suna taka igiya guda, ciki a kan sanda, hannu biyu na tattara jiƙaƙƙen tamfol da iska ke fizga, sau da yawa cikin dare. Wanda ya faɗo kan daɓe da wuya ya tashi. Wanda ya faɗa ruwa ma haka, don da yawansu ba su iya iyo ba, kuma tsayar da irin wannan jirgi ba abin nan take ba ne. Waɗannan 'yan sama su ne masu daraja a cikin talakawan jirgi. A ƙasansu akwai masu matsakaiciyar ƙwarewa, sai sababbin shiga da ba su san komai ba sai jan igiya da tura na'urar ɗaga anka.

Batun abinci ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan aka fi yi wa tarihin gurguwar fahimta. An saba jin labarin biskit mai ƙwari da nama mai tauri kamar katako, kuma gaskiya ne. Biskit ɗin gari ne da ruwa aka gasa har ya bushe ƙamas, sai an jiƙa ko an fasa, idan ya daɗe ƙwari su shige shi, mutum ya ƙwanƙwasa a tebur kafin ya ci. Naman yana iya shekara a cikin gangar gishiri, sai an jiƙa shi sa'o'i kafin a dafa. Cuku da man shanu sukan lalace a ƙasashen zafi. Amma dubi yawan abin. Kowace rana laba ɗaya na biskit. A mako laba huɗu na naman sa, Talata da Asabar, da laba biyu na naman alade, Lahadi da Alhamis. Sauran kwana ukun ba nama, sai busasshen wake irin nasu da cuku da man shanu da wani hatsi da ake damawa kamar kunu mai kauri. Masana sun ƙiyasta cewa wannan ya kai kalori 5,000 a rana. Leburan gona a Ingila ta wancan zamani ba ya ganin nama sau huɗu a mako, ba ya kuma da tabbacin abinci mai zafi kullum. Hukumar rundunar ta san cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya, ta kuma kafa manyan gidajen gashi da mayanka da ma'ajiyoyi don wannan kaɗai. Nelson ya fi kowa damuwa da lamarin. Wasiƙunsa na Bahar Rum cike suke da maganar albasa da shanu da lemo da ruwan sha, da inda za a samo su.

Murhu ɗaya ne na ƙarfe ke dafa wa kowa, a hawan tsakiya. Mai dafa abincin galibi tsohon soja ne da ya rasa hannu ko ƙafa, aka ba shi aikin don ya sami abin rufin asiri. Ba a son ya iya komai sai tafasa ruwa. Ainihin tsarin cin abinci yana hannun ƙananan ƙungiyoyi na mutum takwas ko makamancin haka da ke cin tebur ɗaya. Su ke zaɓar junansu. Kowane mako ɗayansu ne ke karɓo rabo, ya kai murhu, ya dawo da shi. Wajen rabon nama sai a sa wani ya juya baya, a nuna yanka a tambaye shi na wane ne, ya kira suna, don kada a ce an yi son kai. Wannan tebur shi ne gidan mutum da danginsa. Su za su rufa masa asiri idan ya bugu, su yi jinyarsa, su rubuta masa wasiƙa idan bai iya ba. Wanda kowane tebur ya ƙi karɓa, kamar ɓarawo, ya shiga uku.

Ruwan sha a gangar katako yake, kuma bayan 'yan makonni sai ya yi kore ya fara wari. Shi ya sa rabon kowa a hukumance galan ɗaya na giya marar ƙarfi ne a rana. Idan ta ƙare sai a koma ruwan inabi a Bahar Rum, ko barasar rake mai ƙarfi da ake kawowa daga Karibiyan. A 1740 wani kwamanda, Edward Vernon, ya ba da umarnin a riƙa sirka barasar da ruwa a raba ta sau biyu a rana, don rage buguwa. Bai hana ba. Mutane kan tara rabonsu ko su sayi na wani, kuma buguwa ita ce laifin da aka fi yi wa bulala, ita ce kuma sanadin faɗuwa da yawa. A nan hukumar ba ta da abin kare kanta: da hannunta take ba mutum abin da zai gusar masa da hankali, da hannunta kuma take zane shi idan hankalin ya gushe. Ba a daina rabon barasa a rundunar ba sai ranar 31 ga Yuli, 1970.

Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka igwar abokan gaba ce ke cinye su. Ƙididdigar da masana tarihi suka yi ta yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1815 ta nuna rundunar ta rasa mutum kimanin 100,000, kuma waɗanda abokan gaba suka kashe ba su wuce kashi 6 ko 7 cikin ɗari ba. Fiye da kashi 80 cuta ce da haɗarin aiki, sauran nutsewar jirgi da gobara. Akwai shawara a Karibiyan, akwai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa wanda kamammun mutane ke shigowa da shi a tsummokaransu, akwai gwaiwa saboda ɗaga kaya. Sai kuma tsohuwar annobar teku, cutar rashin bitamin C. Bayan wata biyu ko uku ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon rauni da ya warke ya sake buɗewa. A tafiyar George Anson ta zagaya duniya daga 1740 zuwa 1744, cikin mutum kusan 1,900 fiye da 1,300 ba su dawo ba, akasari saboda ita. A 1747 likita James Lind ya ɗauki majinyata 12 ya raba su bibbiyu, ya ba kowane biyu magani daban, waɗanda suka sha lemo ne suka miƙe. Duk da haka sai a 1795 hukuma ta fara raba ruwan lemon tsami ga kowa. Wannan jinkiri na kusan shekara hamsin ya ci rayuka masu yawa. Amma zuwa lokacin Trafalgar an riga an gyara, rundunar Nelson tana sayen ruwan lemo daga Sisili, kuma shi ne babban dalilin da ya sa ta iya zama a teku shekara biyu mutanenta na tsaye da ƙafafunsu.

Sai bulala. Ana karanta wa ma'aikata dokokin yaƙi a kai a kai, kuma da yawa daga cikinsu hukuncinsu kisa ne. A aikace abin da aka fi gani shi ne a tara kowa da hantsi, a tuɓe wa mai laifi riga, a ɗaure shi a jikin wani katako mai raga, a zane shi da bulala mai harsuna tara na igiya. A ƙa'ida kyaftin ba ya wuce 12 sai da kotun soja, amma 24 da 36 ba baƙin abu ba ne, kuma Thomas Hardy, kyaftin ɗin Victory, ba ya cikin masu sassauci. Bulala goma sha biyu ta isa ta tsaga baya. Wanda ya gudu aka kama, ana iya zagayawa da shi a kwalekwale daga jirgi zuwa jirgi ana ƙara masa, har ɗaruruwa. Akwai kuma sojoji masu jajayen riguna, 146 a Victory, waɗanda ake shimfiɗa wa wurin kwana tsakanin hafsoshi da sauran ma'aikata, kuma kowa ya san dalili.

To ko tsoro ne ya riƙe jirgin? Abin da ya faru a 1797 ya ba da amsa fiye da duk wani bayani. A watan Afrilun shekarar, rundunar da ke Spithead kusa da Portsmouth ta ƙi ɗaga anka. Albashin ƙwararren ma'aikaci sule 24 ne a wata, kuma ba a taɓa shi ba tun 1653, shekara 144. Ma'ajin jirgi yana auna musu laba da oza 14 maimakon 16, ya riƙe sauran. Suka nemi ƙarin albashi, da cikakken awo, da ɗanyen ganye idan ana tasha, da kula da marasa lafiya, da izinin sauka ganin iyali, da ci gaba da biyan wanda ya ji rauni. Suka zaɓi wakilai daga kowane jirgi, suka ci gaba da aikin yau da kullum, suka kuma ce idan jiragen Faransa suka fito za su fita su tare su. A cikin takardar buƙatunsu babu maganar hana bulala. Abin da suka dage a kai shi ne a sauke wasu hafsoshi da suka san azzalumai ne. Gwamnati ta sauko: aka ƙara wa ƙwararre sule biyar da sisi, aka gyara awo, sarki ya yi afuwa, aka sauke hafsoshi da dama. Boren da ya biyo baya a Nore, a bakin kogin Landan, ya zarce haka har ya tare hanyar kogin, shi kuwa aka murƙushe shi, aka rataye jagoransa Richard Parker da wasu.

A watan Satumbar wannan shekara, a jirgin Hermione da ke Karibiyan, kyaftin Hugh Pigot ya ce zai zane duk wanda ya zo ƙarshe wajen saukowa daga sama. Cikin gaggawa mutum uku suka faɗo suka mutu, ya ce a jefa su ruwa, da kalmar wulaƙanci. Tura ta kai bango. Ma'aikatan suka kashe shi da wasu hafsoshi tara, suka miƙa jirgin ga Sifaniyawa. Idan aka haɗa waɗannan labarai, abin da nake gani shi ne akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Mutanen sun yarda da wahala da haɗari, har da duka, tunda a tudu ma ana rataye ɓarawo a lokacin, kuma su ma ba sa son malalaci ko ɓarawo a cikinsu, don sakacin mutum ɗaya a kan igiya yana iya kashe goma. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a tauye musu awo, ko a hukunta wanda bai yi laifi ba, ko a sa rayukansu a hannun wanda bai san aiki ba. Wannan bai wanke kamen dole ba, bai wanke tsaga bayan ɗan Adam ba. Yana dai bayyana yadda hafsoshi 'yan ƙalilan ke kwana lafiya a tsakiyar ɗaruruwan ƙarti masu wuƙaƙe a ƙugu.

Akwai ɗan sararin numfashi. Da yamma a dutin awa biyu ana goge da rawa a goshin jirgi, ana labari, ana sassaƙa ƙashi. Taba sai dai a tauna, domin shan hayaƙi an taƙaita shi a kusa da murhu saboda tsoron wuta. Ba su da kakin soja, sai a 1857 aka yi wa ƙananan ma'aikata, don haka kowa ke ɗinka nasa ko ya saya bashi wajen ma'aji. Ran Lahadi a jeru kyaftin ya duba tsabta, a yi addu'a. Idan mutum ya mutu a lokacin zaman lafiya, a gadon lilonsa ake ɗinke shi, a sa dunƙulen igwa biyu a ƙafafunsa, a zura shi teku. Daga nan a yi gwanjon kayansa a gindin jigo, abokansa su riƙa sayen tsohuwar riga da kuɗin da ya ninka darajarta, saboda sun san matarsa za a aika wa.

Duk wannan tsari, daga lemo har ƙararrawa, manufarsa guda ce: ranar da aka haɗu da abokan gaba a sami lafiyayyun mutane da suka saba aiki tare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Babbar igwa tana buƙatar mutum goma sha wani abu, kowa da aikinsa, mai goge ciki da jiƙaƙƙen soso don kashe tartsatsi, mai ɗura albarushi, mai tura dunƙule, masu jan igiya. Ƙungiyar da ta ƙware tana iya harbawa duk minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Jiragen Faransa da Sifaniya sun daɗe a kulle a tasha, ba su sami wannan horo a kan teku ba. Jarumta kam suna da ita, yadda jirgin Faransa mai suna Redoutable ya yi faɗa a ranar ya isa shaida.

Da aka buga gangar shiri a safiyar 21 ga Oktoba, gidan mutanen ya ɓace cikin mintoci. Aka kwashe tebura, aka cire bangayen ɗakunan hafsoshi, aka kashe murhu, aka watsa yashi a daɓe don kada ƙafa ta zame a jini. Yara suka tsaya a layin ɗauko albarushi daga ma'ajiyar ƙasa, inda ba a shiga da ƙarfe ko fitila. Jiragen Ingila 27 ne, na Faransa da Sifaniya 33. Iska ba ta da ƙarfi, Victory na tafiya kamar mai tattaki, ya sha wuta kusan minti 40 kafin ya iya ramawa. Dunƙule ɗaya ya kashe sakataren Nelson, John Scott. Wani ya kashe jajayen riguna takwas a lokaci guda. Sitiyarin jirgi ya farfashe, sai mutum 40 suka koma jan igiyar tuƙi daga ƙasa. A hawan igwa ba a ganin komai sai hayaƙi, mutane sun tuɓe riga sun ɗaure kunne da ƙyalle, kuma abin da ya fi raunata su shi ne tsagin katako da ke tashi idan dunƙule ya huda bango. Wanda ya mutu, ta ƙofar igwa ake tura shi ruwa, ba lokacin ɗinki.

Masu rauni ana sauke su hawa na huɗu da ke ƙarƙashin ruwa, inda likita William Beatty da mataimakansa biyu ke aiki da hasken fitila, ba allurar kashe zafi. Nan aka kawo Nelson bayan an harbe shi daga saman Redoutable da misalin ɗaya da kwata, ya cika wajen huɗu da rabi, tsoho Burke na tallafe da shi. Victory ya rasa mutum 57, 102 suka ji rauni. Beatty ya yanke hannu ko ƙafa sau 11, kuma cikin masu raunin nan 96 sun rayu, abin da ke nuna irin lafiyar da suka shiga yaƙin da ita.

Ba su huta ba. Guguwa ta taso ta yi kwanaki, waɗanda suka wuni suna harbi suka koma famfon fitar da ruwa da ɗaure karyayyun jiguna, yawancin jiragen da aka kama suka nutse ko suka kuɓuce. Jan Victory aka yi zuwa Gibraltar, gawar Nelson na cikin gangar barasa don kada ta lalace. Da aka zo rabon ganima da kyautar majalisa, kowane kyaftin ya tashi da fiye da fam 3,000, ƙaramin ma'aikaci kuwa fam shida da sule goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaƙin kuma bai ƙare ba sai bayan shekara goma, don haka akasarinsu wasu jiragen aka rarraba su.

Ranar 9 ga Janairu, 1806, aka yi jana'izar Nelson a majami'ar St Paul da ke Landan. An zaɓo wasu daga cikin ma'aikatan Victory su riƙo tutocin jirgin, waɗanda harsashi ya huhhuda, kuma tsarin shi ne su naɗe su ajiye a kan akwatin gawa kafin a sauke shi. Da lokacin ya yi, a gaban 'ya'yan sarki da manyan ƙasa, sai suka yage wani babban ɓangare na tutar, suka yayyaga shi ƙanana, kowa ya cusa nasa a cikin riga.